Sunanka ne a takardar haya, amma ku biyar ne a gidan

Assalamu alaikum. Ni matashi ne ɗan shekara 27, ina aiki a wani kamfani a Abuja, albashina ₦150,000. Bara mu huɗu muka haɗa kuɗi muka kama gida mai ɗaki biyu da falo a Jikwoyi a kan ₦900,000, kuma sunana aka sa a takarda domin ni na nemo gidan. Yanzu saura wata huɗu haya ta ƙare, mai gida ya aiko cewa ta koma ₦1,200,000. Ɗaya daga cikinmu, abokina tun muna sakandare, ya rasa aikinsa wata huɗu ke nan, ko kuɗin wuta ba ya iya bayarwa. Wani kuma ya kawo ɗan baffansa da sunan zai yi intabiyu ya koma bayan mako biyu, ga shi yau wata biyar yana kwana a falo. Kullum muna cikin ƙananan maganganu a kan katin wuta da gas da ruwa, amma babu wanda ya taɓa tayar da maganar haya. Ina jin nauyin yi musu magana, ina kuma fargabar ranar da mai gida zai kira ni. Yaya zan yi?

Ƙaninku, daga Jikwoyi

Wa alaikumus salam, ƙaninmu. Allah Ya yaye maka wannan damuwa.

Bari mu fara da maganar da ba za ta yi maka daɗi ba. A wurin mai gida, haka ma a gaban kotu, mutum ɗaya ne yake haya a gidan nan, kuma kai ne. Sauran huɗun suna zaune ne da izininka. Ranar da wa'adi ya cika, lambarka za a kira, kuma ₦1,200,000 albashinka ne na wata takwas cur, ba ka ci ba, ba ka sha ba, ba ka hau mota ba. Shirun da abokan zamanka suke yi ba lallai mugunta ba ce. Kayan ba a kansu yake ba, shi ya sa wuyansu bai gaya musu ba. Kai da ka ɗauka, kai ne za ka buɗe baki, kuma a makon nan za ka buɗe, domin albashi huɗu kacal ya rage muku, na huɗun ma a bakin wa'adi zai shigo.

Kada ka ɗauki zaman tare a matsayin gazawa. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 ₦70,000 ne, alawus ɗin mai yi wa ƙasa hidima ₦77,000, kuɗin mota kuwa ya ninka tun da aka cire tallafin mai a 2023, ga masu gidaje a Abuja suna karɓar hayar shekara gaba ɗaya, wasu ma ta shekara biyu. Daga Kubwa zuwa Lugbe, daga Dutse Alhaji zuwa Mararaba, da haɗin gwiwa samari da 'yan mata masu yawa suke samun inda za su sa haƙarƙarinsu. Abin da yake rusa irin wannan zama kusan kullum ɗaya ne: kuɗi yana shigowa wata-wata, haya tana zuwa sau ɗaya a shekara, kuma a tsakanin watanni goma sha ɗayan nan kowa yana zaune kamar gidan gado. Faɗan katin wuta da kake gani, rabinsa fushin haya ne da aka rasa ƙofar da zai fita.

Kafin ka yi wa kowa magana, ɗauko takardar yarjejeniyar ka karanta ta a natse. Abu huɗu za ka nema. Na farko, an rubuta ranar farawa da ranar ƙarewa, ko kuwa an ce haya ce ta shekara-shekara kawai? Bambancin yana da girma. A dokar karɓar gida daga hannun ɗan haya da ke aiki a Babban Birnin Tarayya, idan takarda ba ta faɗi wani abu dabam ba, mai biyan wata-wata yana da notis na wata ɗaya, mai biyan shekara-shekara yana da na wata shida. Amma idan an ƙayyade wa'adi, daga rana kaza zuwa rana kaza, hayar tana mutuwa da kanta ranar da wa'adin ya cika, abin da ya rage wa mai gida shi ne ya ba ka notis na kwana bakwai cewa zai nemi gidansa a kotu. Da yawa daga cikin matasa suna kwanciya a kan "ai sai ya ba ni wata shida", alhali takardar da suka sa wa hannu ba ta ba su ba. Na biyu, duba ko an hana ka saka wani a gidan ko ba da hayar wani sashe ba tare da izinin mai gida a rubuce ba. Yawancin takardun Abuja suna da wannan sharaɗi, kuma idan mai gida bai san ku biyar ba ne, ka ba shi sandar dukanka. Na uku, me aka ce game da ƙarin haya da sabuntawa? Na huɗu, wa ke da alhakin gyare-gyare kamar kwashe sokawe, famfon rijiyar burtsatse da yoyon rufi, kuma nawa aka ajiye a matsayin kuɗin gyaran ɓarna?

Ka sani kuma, saƙon ƙarin haya tayi ne, bai zama wajibi a kanka ba sai ka amince. Kana da damar tayawa. Shi ma yana da damar ƙin sabunta maka idan ba ku daidaita ba, kuma duk kwanakin da ka ƙara bayan wa'adi sai ka biya kuɗinsu. Abin da ba shi da ikon yi shi ne cire ƙofa, yanke wuta, kulle gida da kayanku a ciki, ko turo 'yan daba. Fitar da ɗan haya da ƙarfi sai da umarnin kotu. Mun faɗi wannan ne domin ka je wurinsa ba tare da rawar jiki ba. Ba ma so ka je da niyyar rigima.

Ka je da kanka, ko ka kira shi kai tsaye idan dillali ne a tsakani, domin wani lokaci ƙarin da ya iso kunnenka ya fi wanda ya fito daga bakin mai gida. Ka tafi da lissafi. Idan kuka tashi, gidan zai buƙaci fenti da gyara, kuma kowane wata da ya yi babu kowa, asarar ₦100,000 ce a kan sabon farashin. Wata biyu a rufe ya cinye kashi biyu cikin uku na ƙarin da yake nema. Ɗan hayar da ya biya bara a kan kari, bai fasa komai ba, maƙwabta ba su kai ƙararsa ba, yana da daraja a idon mai gida mai hankali. Ka taya ₦1,000,000, ka shirya tsayawa a ₦1,050,000 ko ₦1,100,000. Idan ya ƙi ragi, nemi a raba biyan gida biyu, kashi sittin ranar sabuntawa, saura bayan wata uku. Duk abin da kuka tsaya a kai, a rubuta, ko da saƙon waya ne da ya amsa da "na amince". A wannan zaman ne kuma za ka gaya masa gaskiyar yawanku, ka nemi a sa sunayen masu biya duka a sabuwar takarda. Idan ya ce shi mutum ɗaya ya sani, to aƙalla a haɗa takarda mai ɗauke da sunayen mazauna gidan, ya sa mata hannu.

Wataƙila zuciyarka tana raya maka ku tashi ku nemi mai araha. Yi wannan lissafin tukuna. Gidan ₦900,000 a wani wuri ba ₦900,000 ba ne a shekarar farko. Dillali yakan karɓi kashi goma cikin ɗari, kuɗin lauya da takarda ma sau da yawa kashi goma, ka ga ₦180,000 ke nan. Ƙara kuɗin ajiya na ɓarna, da motar kwasar kaya, da 'yan gyare-gyaren da ba a rasawa, labule, kwan fitila, makulli, ragar sauro a taga. Kafin ka ankara ka taɓo ₦1,200,000 ɗin da kake gudu. Idan kuma arahar a Masaka take ko can gaban Orozo, sai ka sa kuɗin mota: ƙarin ₦500 zuwa, ₦500 dawowa, kwana 22 a wata, ₦22,000 ne a wata, ₦264,000 a shekara ga kowane mutum ɗaya, ban da awannin da cunkoson Nyanya zai ci. Tashi yana da amfani ne idan za ku rage girman gida ko ku rage yawan mutanen da ba sa biya. Idan ba haka ba, zama ya fi.

Yanzu rabon. Raba daidai wa daida shi ne ya fi sauƙi, ₦300,000 kowa idan ku huɗu ne, amma ba kullum ne ya fi adalci ba, kuma rashin adalcin da aka haɗiye shi ne yake dawowa a matsayin "wa ya shanye ruwan jarka". A mafi yawan gidaje masu ɗaki biyu, ɗaya ya fi girma kuma da banɗaki a ciki. Mu ɗauka ba a samu ragi ba, kuma baƙon zai zama ɗan gida. Falo ya ɗauki ₦180,000, domin mai kwana a can ba shi da ƙofar rufewa, sai kowa ya gama kallo zai shimfiɗa katifa, da asuba kuma ya naɗe. Babban ɗaki ₦560,000, wato ₦280,000 kowane mutum. Ƙaramin ɗaki ₦460,000, wato ₦230,000 kowane mutum. Jimla ₦1,200,000. Raba wa wata huɗu: mai falo ₦45,000 a wata, 'yan babban ɗaki ₦70,000, 'yan ƙaramin ɗaki ₦57,500. Adadin yana da nauyi, kuma nauyinsa ne zai farkar da kowa. Ka nuna musu ɗaya lissafin ma: da tun farkon shekara aka fara, da ɗan ƙaramin ɗaki bai kai ₦20,000 a wata ba.

Kada ka tayar da maganar a tsaye, ko da dare bayan an dawo a gajiye, ko a daidai lokacin da mita ta fara kuka. Ka tura saƙo a zaurenku na WhatsApp kwana biyu kafin lokaci: "Jama'a, ranar Asabar bayan la'asar mu zauna a kan maganar haya, mai gida ya aiko da sabon farashi." Ranar, ka ajiye takardar yarjejeniya da saƙon mai gida da lissafin nan a tsakiyar tabarma, kowa ya gani da idonsa. Ka fara da naka: "Ni ga abin da zan iya bayarwa kowane wata, ga ranar da zan bayar." Sannan kowa ya faɗi nasa da bakinsa, adadi da rana. "In sha Allahu za mu san yadda za a yi" addu'a ce mai kyau, a amsa da amin, sannan a sake tambaya: nawa, kuma yaushe? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Idan kana ganin muryarka ba za ta ɗauku ba, gayyato babba guda da kowa yake jin nauyinsa, shugaban ƙungiyar 'yan garinku ko wani yayanku a wurin aiki, ya zauna a matsayin shaida.

Abokinka da ya rasa aiki kuwa, kada ka bari ya fara jin maganarsa a gaban jama'a. Ka ja shi gefe kwana ɗaya kafin taron, ku fita ku sha shayi ku biyu. Mutumin da ya yi wata huɗu yana kallon abokansa suna fita da safe shi yana kwance, ya riga ya san ana lissafinsa, kuma yawanci kunya ce take sa shi yin kamar bai damu ba. Ka tambaye shi abin da yake shigo masa a gaskiya, da abin da yake jira, da ko akwai ɗan'uwan da zai iya tsaya masa. A Suratul Baƙara, aya ta 280 ta ce a jinkirta wa wanda yake cikin ƙunci har ya samu sauƙi, aya ta 282 kuma ta ce idan an ƙulla bashi zuwa wani wa'adi a rubuta shi. Ku riƙe su tare. Tausayin da ba a rubuta ba yakan juye ya zama gori, rubutun da babu tausayi kuma ya raba zumuncin shekara goma. A aikace, ga hanyoyin da suke tafiya. Ya koma falo ya ɗauki kaso mafi ƙanƙanta, baƙon da ke da mai tsaya masa ya shiga ɗaki. Abin da ya kasa biya, ku raba a tsakaninku gwargwadon ƙarfin kowa, a rubuta nawa ne bashi, nawa ne kyauta, kuma wanda ya bayar da bashi ya bayar da abin da ba zai tagayyara ba idan bai dawo da wuri ba. Shi kuma ya ɗauki abin da masu fita aiki ba sa iyawa: cefane, girkin dare, tsayawa a kan mai ruwa, jiran mai gyaran famfo. Wannan aiki yana da kuɗi, kuma yana mayar wa mutum da mutuncinsa a cikin gida. Sannan a sa wa'adin sake dubawa, wata uku. Idan lokacin ya yi babu canji, ku zauna ku duba ko komawa gida na ɗan lokaci ya fi masa, ku haɗa masa kuɗin mota da guzuri, ku ci gaba da tura masa duk sanarwar aikin da kuka gani. Abin da ba za ka yi ba shi ne ka ɗauki kasonsa kai kaɗai a ɓoye, ko ka ci bashin manhajojin waya masu ruwa domin rufa masa asiri. Wannan rami ne da yake haɗiye albashin wata shida.

Maganar baƙo ta fi sauƙi, kuma ba kai za ka fuskance shi ba. Wanda ya kawo shi, shi ne zai yi magana da shi. Baƙo raɓa ne, kuma hadisi ya ƙayyade baƙunci da kwana uku, abin da ya wuce haka sadaka ne, kuma bai halatta baƙo ya zauna har ya ƙuntata wa mai masaukinsa ba. Wanda ya yi wata biyar yana wanka da ruwan gida, yana cajin waya, yana ci daga tukunya, ya zama mazauni. Zaɓi biyu ne: ya shiga lissafi daga wannan watan, ko shi ko ɗan'uwansa ya biya, ko a sa masa ranar tafiya, wata ɗaya daga yau. Kada ku nemi kuɗin watannin baya. Ba za su fito ba, sai dai su ɓata taron. Ku kafa ƙa'ida domin gaba: baƙon da zai wuce kwana uku sai an sanar da kowa, wanda ya wuce mako biyu yana biyan kuɗin wuta da ruwa da abinci, wanda ya wuce wata ɗaya sai kowa ya amince kuma mai gida ya sani.

Inda za a ajiye kuɗin yana da muhimmanci kamar tara shi. Kada ya zauna a asusunka na albashi, ko da kai ne mafi amana a cikinku, domin ranar da aka kira ka daga gida cewa an kwantar da Inna a asibiti, hannunka zai kai gare shi, kuma babu mai ganin laifinka sai ranar biya. Ku buɗe asusun haɗin gwiwa a banki wanda kuɗi ba ya fita sai da sa hannun mutum biyu, ba tare da katin cirewa ba, alat yana zuwa wayar mutum biyu, ana tura hotonsa a zaure. Masu albashi su ba bankinsu umarnin tura kason kai tsaye washegarin ranar albashi. Idan mai gida mutumin kirki ne kuma yana bayar da rasit, akwai hanyar da ta fi wannan: ku riƙa tura masa duk abin da ya taru a ƙarshen wata a matsayin kafin alƙalami na sabuwar haya, amma bayan kun daidaita farashi a rubuce. Kowane biya ya bi ta banki zuwa asusun da mai gida ya tabbatar da bakinsa, a rubuta a bayanin tiransfa cewa hayar gida kaza ce ta shekara kaza. Adashi bai dace da kuɗin haya ba, domin mutum ɗaya ya makara, kwasarku ta wuce ranar wa'adi. Kuma da zarar kun biya ta bana, a watan da ke biye ku fara tara ta baɗi, ku ɗora kashi goma ko ashirin cikin ɗari a kai saboda ƙari.

Rigimar wuta tana mutuwa ne ranar da aka daina zargi aka koma awo. Yunit ɗaya a mita shi ne wat 1,000 na tsawon awa ɗaya. Fanka mai wat 60 da ta kwana tana juyawa awa takwas ba ta kai rabin yunit ba. Hita ta dafa ruwan wanka mai wat 1,500 tana cin rabin yunit a minti ashirin, wato wanka ɗaya daidai yake da fankar dare guda. Rishon lantarki mai wat 1,500, awa ɗaya da rabi a rana, ya haura yunit 65 a wata. Dutsen guga wajen wat 1,000 ne. Caja da kwan fitila na zamani ba su kai a yi musu faɗa ba. Duk abin da yake zafi, shi ne yake shan kati. Ku duba bayan kowace na'ura, an rubuta wat ɗinta. Ku duba rasit ɗin katin AEDC, kamfanin rarraba wutar lantarki na Abuja, za ku ga kuɗin yunit ɗaya a layinku, domin waɗanda ke rukunin A, wato layukan da aka ware wa mafi yawan awannin wuta a rana, suna biyan sama da ₦200 tun Afrilun 2024, sauran rukunoni ƙasa da haka sosai. Ku kuma lura ko yunit ɗin da ake ba ku ya yi daidai da kuɗin da kuka saka, don wani lokaci akwai tsohon bashi a kan mitar da ake cira a hankali. Idan haka ne, magana ce ta mai gida. Daga nan sai a yanke: kuɗin wuta na kowa daidai, mai na'urar zafi ta kansa ya ƙara gwargwadon yunit ɗinta, ko a daina girki da lantarki gaba ɗaya a koma gas. Kada a haɗa hita da risho da dutsen guga a kan doguwar wayar soket ɗaya. Siraran wayoyin kasuwa suna narkewa, kuma gobarar dare da yawa daga nan take tashi. Kada kuma a sa hannu a bokiti don jin zafin ruwa alhali hita tana jone.

Tunda akwai mai kwana a falo a ƙasa, ku kula da tukunyar gas. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, idan ya yi yoyo ƙasa yake kwanciya, daidai inda kan mai katifa yake. Tukunya ta zauna a kicin mai taga ko a waje, a rufe ta daga kanta kowane dare. Ku kaɗa ruwan sabulu ku shafa a mahaɗar tiyo da kan tukunya. Idan kumfa tana tasowa, akwai yoyo. Tiyon da ya fara tsagewa a canza shi ranar. Janareta kuwa a waje, nesa da taga, ko da ana ruwan sama, ko da ana tsoron ɓarayi. Hayaƙinsa yana kashe masu barci ba tare da sun farka ba. Haka gawayi a ɗaki rufe lokacin sanyi.

Sauran kuɗaɗen yau da kullum, gas, kurar mai ruwa, shara, 'yan sintiri, sabulun wanke-wanke, ku haɗa su a asusu ɗaya na wata. Ku rubuta duk abin da aka kashe a wata guda a littafi, ku ƙara kashi goma, ku raba, kowa ya bayar a farkon wata, riƙon littafin yana zagayawa. A abinci, abin da ya fi zama lafiya shi ne a haɗa a kan busassun kaya, shinkafa, wake, taliya, mai, gishiri da kayan ɗanɗano, da girki ɗaya na dare. Nama, madara, ƙwai da abin marmari kowa da nasa. Tukunya ɗaya a komai tana yi wa masu samu iri ɗaya daɗi, amma inda wani yake ci sau uku a gida wani sau ɗaya, ba ta daɗewa.

Duk wannan ku zuba shi a takarda ɗaya, shafi guda ya isa, kowa ya sa hannu, kowa ya ɗauki hotonta. Kada ku manta da abu biyu da ba a tunawa sai sun faru. Na ɗaya, fita a tsakiyar shekara: aure zai zo, canjin wurin aiki zai zo. A rubuta cewa mai tafiya zai ba da sanarwar wata biyu, kuma ragowar kuɗinsa zai fito ne daga hannun wanda ya maye gurbinsa, wanda kuma sai sauran sun amince da shi. Ba a tilasta wa waɗanda suka rage su biya shi daga aljihunsu. Na biyu, kaya. Firji, tukunyar gas, talabijin, janareta: ya fi kyau kowane abu ya zama na mutum ɗaya, mai shi ya tafi da abinsa. Wanda aka riga aka saya da kuɗin haɗaka, a rubuta nawa kowa ya sa, a kuma amince cewa ranar rabuwa za a yi masa kuɗi a farashin kasuwar 'yan gwanjo, mai so ya biya sauran.

Akwai kuma abin da ya shafe ka kai musamman, tunda sunanka ne a sama. Dokar NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, da dokar yaƙi da damfara ta 2006 duk sun tanadi hukunci ga mai riƙe da gida da ya bari, da saninsa, aka yi amfani da gidan wajen ajiye ƙwaya ko damfara, kuma ranar samame kowa ake kwashewa kafin a tantance. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Duk wanda zai zauna a gidan, ka san inda yake aiki ko abin da yake nema, ka ga katin shaidarsa, ka riƙe lambar wani ɗan'uwansa. Lambar nan tana da wani amfanin ma: idan zazzaɓi ya kayar da mutum da tsakar dare, ku ne danginsa na kusa. Mutum biyar a gida mai ɗaki biyu, ku bar tagogi a buɗe da raga lokacin zafi saboda sanƙarau, kuma wanda tarinsa ya wuce mako biyu ya je a duba shi, gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da aka ware.

Ka sa wa kanka ranar yanke hukunci: ƙarshen wata na biyu daga yau. Idan a ranar rabin kuɗin yana cikin asusu, ku ci gaba. Idan ba ya ciki, kada ka sabunta da sunanka bisa alkawarin baki. Ka sanar da su a rubuce cewa ba za ka sabunta ba, ka sanar da mai gida, ka ɗauki wanda ya cika alkawari a cikinsu ku nemi ɗaki ɗaya mai banɗaki da kicin ku biyu. Wata biyun da suka rage sun isa neman wuri ba tare da dillali ya ga gaggawa a fuskarka ba. Kafin ka miƙa makulli, ka ɗauki hoton kowane ɗaki da lambar da ke kan mita, ku zagaya gidan tare da mai gida ko wakilinsa, sannan ka nemi kuɗin ajiyarku a rubuce, ka raba wa kowa gwargwadon abin da ya sa bara.